Gwangwani Na Huɗu Da Na Biyar

A takardar ɗaukata aiki an rubuta "mai goge-goge", kuma ba su yi ƙarya ba. Tsofaffin finafinai nake gogewa, irin masu naɗi da ake ajiyewa a gwangwani, a wani ɗaki da ke ƙasan cibiyar adana tarihin fim. Ɗakin ba taga, kullum warin tsami yake, shi ya sa masu digiri ba sa saukowa. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, hancina bai yi karatun da wari zai dame shi ba.

Aikin a wurin Baba na koya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haska fim a gidan silima, har aka rufe gidan aka mayar da shi wurin ajiye tayoyi. Ranar da aka rufe, ya ɗauko gwangwani shida a baro ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado. Duk bayan wata uku sai ya fito da su, ya warware, ya sha musu iska, ya sake naɗewa, ni ina riƙe masa ɗaya gefen. Mama ta ce da ita ake kula da ita haka da har yanzu tana da haƙoranta. Da yana ta fara rufe masa ido, sai ya kai su cibiyar kyauta. Suka karɓa, suka ga ba wanda ya san yadda ake taɓa su, suka ɗauke ni.

Fim ɗin da ke ciki tsoho ne, baƙi da fari, kuma kwafinmu kaɗai ya rage a duniya. Labarin wani ɗan sandan ciki ne, dogo, mai malafa, wanda bai yi dariya ko sau ɗaya ba. An kashe wani tsoho mai sayar da kayan tarihi, an sace rabin taswirar da ke nuna inda magabata suka binne tukwane bakwai na zinariya a cikin kogo. Ɗan sandan yana bin ɓarayin, ɓarayin suna bin tukwanen. Yana da direba, wani ƙato mai cin gyaɗa, 'yan kallo suna ce masa Tumbi. A gwangwani na huɗu ana harbe Tumbi a bakin kogo, ya mutu, a binne shi, ɗan sandan ya cire malafa. A gwangwani na biyar sai ga Tumbi a gaban mota yana ɓare gyaɗarsa, ba wanda ya ko ɗaga gira. A na shida ɗan sandan shi kaɗai yake buɗe tukwanen, ya tarar yashi ne a ciki.

Wannan dawowar ta Tumbi ita ce abincin Dakta.

Dakta shi ne shugaban cibiyar. Yana da tabarau da ke rataye a wuyansa da igiya, ba ya sa shi sai in yana son ya cire shi a gaban mutane. Shekara tara ya yi yana rubuta littafi a kan fim ɗin, shafi ɗari uku, sittin daga ciki a kan Tumbi. Na karanta, don a ɗakina aka jibge kwalayen. Ya ce Tumbin da ya dawo lamirin ɗan sandan ne ya ɗauki siffar mutum. Ya ce gyaɗar tana nufin ƙwayar rayuwa a cikin ɓawon mutuwa. Ya ce mai shirya fim ɗin ya riga zamaninsa da shekara hamsin. Duk wannan a kwafin bidiyo ya gano shi, a ofishinsa mai sanyi. Bai taɓa buɗe gwangwani ba.

An sa ranar Asabar da la'asar za a ƙaddamar da littafin, a haska fim ɗin da tsohon majigi, kuma a karrama Baba da allon yabo a matsayin mai majigi na ƙarshe da ya rage da rai. Katin gayyata ya zo da sunansa da ruwan gwal. Baba ya sa shi a leda. Ya kai wa mai aski, ya kai wa mai gyaran rediyo, ya kai wa wani maƙwabci da rabon da su yi magana tun rigimar magudanar ruwa. Mama ta ce katin nan ya fi ta sanin unguwa. Ya fito da tsohuwar kwat ɗinsa aka kai wanki da guga. Kullum da safe in ji shi a bayan ƙofa yana haddace jawabin godiya, jimla huɗu, yana gyara ta uku.

Ban taɓa ganin Baba yana jiran wani abu haka ba. Tun da aka rufe silima ba wanda ya ƙara tambayarsa komai sai lafiyar ido.

Ranar Talata na zauna goge naɗin gaba ɗaya saboda nunin. Ana yin sa ne a hankali, da ƙyalle mai laushi, kana jan fim ɗin tsakanin yatsu biyu kana duba hujojin gefe ko sun yage. A gefen kowane fim akwai wasu ƙananan lambobi da kamfani ya buga, suna bin juna a jere daga farko har ƙarshe. Sau nawa na wuce su ban kula ba. Ranar wani huji ya yage a ƙarshen naɗi na uku, na ɗauko gilashin ƙara girma, idona ya faɗa kan lambar. Da na buɗe na huɗu sai na ga lambar ta yi tsalle mai nisa. Na buɗe na biyar, sai ga ta nan, ta ɗora daidai inda na uku ya tsaya.

Na jera su a tebur na sake dubawa har sau uku. Na biyar shi ne na huɗu, na huɗu shi ne na biyar. Tumbi bai taɓa dawowa daga ko'ina ba. Yana cin gyaɗa ne saboda lokacin ba a harbe shi ba tukuna.

Na juya murfin gwangwanin. Takardar da aka manna a kai ta yi ruwan ƙasa, lambar kuma da biro aka rubuta. Na san wannan huɗun mai doguwar ƙafa. Shi ne a bangon ɗakinmu inda Baba yake rubuta ranar shan maganinsa.

Na tarar da Baba a tsakar gida yana goge takalmi, yana shafawa da yatsa don ya ji inda bai yi ƙyalli ba.

Na ce, "Baba, wa ya rubuta lambobin gwangwanayen nan?"

Buroshin ya tsaya. Bai ɗago ba.

"Uwata, kin duba gefe ke nan."

Haka yake kirana tun ina goye, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na duba."

"To zauna, kada ki tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Na zauna a kan bokiti. Ya ce ranar da fim ɗin ya iso an yi ruwa, rufin ɗakin majigi ya yi yoyo, takardun gwangwani biyu suka jiƙe suka ɓare. Saura rabin awa a fara, zaure ya cika, manaja yana buga ƙofa. Sai ya yanki takarda ya rubuta huɗu da biyar ya manna da ka.

"Ina ganin an harbe shi na san na yi ɓarna," in ji shi. "Gumi ya wanke ni. Na ce yau aikina ya ƙare, ga uwarki da cikin yayanki. Na sa na gaba. Sai ga Tumbi a mota. Uwata, zauren nan kamar zai tsage. Mutane suka hau kujeru, ana fito, ana jifa da huluna. Wata tsohuwa ta yi ta kuka tana cewa Allah ya dawo mata da shi. Sati goma sha ɗaya muna haska shi, kullum a cike. Wa zan je in ce wa kuskure ne?"

Mama ta leƙo daga kicin. "Au, dama ƙaton nan mutuwa ya yi da gaske? Malam, shekara arba'in ka bar ni ina murna a banza?"

"Ke dai koma ciki."

"Na koma. Ai dama na ce ba a dawowa da gyaɗa a hannu."

Baba ya ajiye takalmin ya laluɓo hannuna.

"Ki bar shi har Asabar ta wuce. Bayan nan ki gyara, ki faɗa wa wanda kika ga dama, ni ma zan so in san an gyara. Amma ki bar ni in hau can in sauko tukuna. Sau ɗaya ne."

Na ce to. Da zuciya ɗaya na faɗa, wannan ko gaban wa zan maimaita.

Ranar Alhamis Dakta ya sauko ɗakina a karo na farko tun da na fara aiki. Ya zo da wata 'yar jarida mai kyamara, da hankici a hanci. Ya sa farar safar hannu sabuwa, ya zaro fim daga naɗi ya ɗaga wa fitila, babban yatsansa a tsakiyar hoton, inda ko Mama ta san ba a taɓawa. Kuma a juye ya riƙe shi, kan ɗan sandan yana ƙasa.

"Yarinya, ɗan matsa, kina shiga hoton."

Na matsa bayan kanta. Ya sa tabarau, ya cire, aka ɗauka. Ya yi bayanin ƙwayar rayuwa da ɓawon mutuwa, 'yar jaridar tana gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Duk wannan na haɗiye, na saba. Sai ta tambaye shi ko talaka zai iya fahimtar fim mai zurfi haka.

Dakta ya yi murmushi ya nuna ni da tabarau.

"Ga misali a tsaye. Wannan baiwar Allah kullum tana shafa fim ɗin nan da hannunta, ubanta ma ya yi shekaru yana juya shi. Amma shafawa daban, gani daban. Irinsu hannu ne, kin gane, hannu mai albarka, amma hannu. Bari ki gani. Yarinya, me ya sa direban ya dawo bayan mutuwarsa?"

Da ni kaɗai ya ambata, wataƙila da na ce ban sani ba, ranka ya daɗe, na ci gaba da cin tuwona. Ina so in yarda saboda Baba na yi magana. Amma na daɗe ina juya abin, kuma gaskiya ita ce shekara biyu ina jiran ranar da zan ga fuskar mutumin nan ta zube.

Na ce, "Bai dawo ba, ranka ya daɗe. Gwangwanin ne aka musanya. Na biyar ake fara sawa."

Ta zube kuwa. Na samu abin da nake so na kamar daƙiƙa biyar. Leɓensa na ƙasa ya saki, safar hannun ta tsaya a sama.

'Yar jaridar ta ce, "Me ta ce?"

Dakta ya yi wata 'yar dariya. "Kin ga abin da nake faɗa wa ma'aikatana, kada a saki labari kafin lokaci. Hajiya, ki jira Asabar, akwai abin mamaki. Sakatariya za ta ba ki lemo a sama."

Da ta fita ya rufe ƙofa, ya manta da hankicin.

"Nuna mini."

Na nuna masa. Sai da na gwada masa yadda ake riƙe gilashin. Ya daɗe a sunkuye yana bin lambobin da baki kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ya ɗauki murfin ya ƙura wa takardar ido.

"Rubutun wa ne wannan?"

Na sunkuyar da kai na shiga naɗe fim ɗin.

"Daga gidanku gwangwanayen nan suka zo, ko ba haka ba?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ne ya..."

"Na gode, yarinya. Kin yi ƙoƙari. Ranar Asabar ki haska shi yadda lambobin suka ce."

Na koma gida ina jiran takardar kora. Har na ji daɗi-daɗi, don in an kore ni ina da abin da zan nuna wa Baba in ce ni ma na biya. Ba abin da ya zo. Na kasa faɗa masa. Ranar Juma'a na riƙe masa madubi yana gwada kwat, madubin da ba ya ganin komai a ciki, yana tambayata ko kafaɗar ta zauna.

Asabar zaure ya cika da masu manyan riguna da masu ƙananan gemu. An zaunar da Baba a layin gaba, Mama a gefensa, mai aski da mai gyaran rediyo a can baya sun sha wanka. Ni ina sama a ɗakin majigi, ina kallo ta ƙaramar taga. Allon yabon yana kan tebur, an rufe shi da jan ƙyalle. A cikin kowane littafi an saƙala wata sabuwar takarda guda, tawadarta ko bushewa ba ta gama ba.

Dakta ya hau, ya sa tabarau, ya cire.

Ya ce shekara tara wani abu yana ci masa tuwo a ƙwarya game da fim ɗin nan. Ya ce kamar ɗan sandan da za mu gani, shi ma ya bi sawu, ya sauka har ɗakin ƙasa, cikin wari da ƙura, ya bi lambobin gefen fim ɗaya bayan ɗaya da idonsa. Ya ce a nan ya tono taskar da ta fi tukwane bakwai: an yi shekara arba'in ana kallon fim ɗin a birkice. Zaure ya yi "ah". Ya ce babinsa na Tumbi yana nan daram, don nazari ne na yadda jama'a suka karɓi fim ɗin, wanda shi ma wani zurfin ne. Aka tafa.

"Ta yaya aka yi wannan ɓarna?" in ji shi. "Ganganci. An damƙa aikin fasaha a hannun ma'aikaci marar ilimi, ya manna lamba yadda ya ga dama, ya rufe bakinsa shekara arba'in. Ba don mu tozarta kowa muka taru ba. Hasali ma yana tare da mu. Baba, daure ka miƙe jama'a su gan ka. Tarihi ya yafe maka."

Na ga Mama ta riƙe hannun kwat ɗin. Baba ya zame hannunta ya miƙe. Ya juyo ya fuskanci mutane, ya gyara maɓalli, yadda ya yi ta gwadawa a bayan ƙofa. Wasu suka fara tafi, suka ga ba su san na mene ne ba, suka bari. Wani a tsakiya ya yi dariya. Kyamarar 'yar jaridar ta haska shi sau biyu.

Ya buɗe baki. Ina jin jimlar farko ce ta zo masa, wadda take farawa da godiya ga shugaban cibiya.

"Na gode," in ji shi. Ya zauna.

Sakatariya ta zo a hankali ta ɗauke abin da ke ƙarƙashin jan ƙyallen ta tura ƙarƙashin tebur. Dakta ya ɗaga hannu sama wajena, wai a fara.

Na haska. Ɗaya, biyu, uku, sannan gwangwanin da aka rubuta wa biyar, sannan mai huɗu. Tumbi ya ci gyaɗarsa, ya tuƙa mota, aka harbe shi a bakin kogo, aka binne shi, ya zauna a inda aka sa shi. Ɗan sandan ya buɗe tukwane ya ga yashi. Fim ne mai kyau, komai ya hau kan komai. Ba wanda ya hau kujera. Mutum biyu a layi na uku barci suka yi, Dakta kuma tun a na biyu ya fita gaisawa da baƙi.

Baba bai tashi ba sai da naɗin ƙarshe ya ƙare aka kunna fitilu. Mai aski da mai gyaran rediyo sun riga sun sulale.

Muka kama hanyar gida. Mama tana gaba da sauri kamar ta bar wani abu a wuta. Ni ina riƙe da gwiwar hannunsa saboda ramukan titi. Da muka zo kwanar gidan tayoyi, inda silima take a da, sai ya ce, "Kin yi latti a canjin na uku. Na ji farin haske ya fito a bango."

"Baba, ni ce na faɗa masa."

"Na sani. Shi ai bai san akwai lamba a gefe ba."

"Ya ce ne wai mu hannu ne, wai..."

"To ba hannun ba ne?" Ya zare gwiwarsa daga riƙona. "Bari, na san hanyar nan."

Bai yi mini faɗa ba, har yau. Mama ce ta yi, kwana uku, sannan ta gaji. Ya rataye kwat ɗin a ƙusa, katin yana aljihu cikin ledarsa. Ya daina zuwa wurin mai aski, yanzu Mama ce take rage masa gashi da almakashi a tsakar gida. In yana son ruwa yana cewa "ke", in na gaishe shi yana amsawa. Uwata kuwa tun ranar ban sake ji ba.

Hoton ya fito a jarida, Baba a tsaye yana gyara maɓalli, a ƙasa an rubuta mutumin da ya birkita fim shekara arba'in. An gayyaci Dakta ƙasashe biyu ya je ya faɗi yadda ya gano. Kafin ya tafi ya aiko a canza takardun gwangwanayen, a buga sababbi da inji. Ni na ɓare tsofaffin. Mai huɗun ta yage, mai biyar ɗin ta fito lafiya, na sa ta a jakata ban san me zan yi da ita ba.

Ranar Litinin sakatariya ta sauko da allon yabon a hammata, tana toshe hanci. Ta ce ba wuri a sama, a ajiye a nan kafin a san yadda za a yi da shi. Katako ne mai nauyi, da farantin ƙarfe, an rubuta sunan Baba daidai, har da shekara talatin da ɗaya. Yana kan kanta ta uku, kusa da kwalayen littafin da suka rage. Ƙarfen yana saurin dusashewa a ɗakin nan, sai na haɗa shi cikin abin da nake gogewa ranar Talata.